Kwana shida ko shekara biliyan huɗu da rabi: gardamar da ta raba kan Kiristoci

"Ni dai ba jikan biri ba ne." Duk wanda ya tashi a coci a arewa ya taɓa jin wannan maganar, ko daga bakin mai wa'azi ko a zumuntar matasa, da an faɗa sai a yi dariya a ce amin a wuce, an gama da Darwin kenan, wato Charles Darwin, Baturen Ingila da ya shahara da koyarwar juyin halitta, cewa halittu masu rai sun fito daga tushe ɗaya suna sauyawa a hankali. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani shi ne wata yarinya 'yar aji shida a ikilisiyarmu da ta tsayar da ni bayan an tashi sujada ta ce, Malam, a jarabawar bayoloji zan rubuta miliyoyin shekaru, ranar Lahadi kuma in ce shekara dubu shida, to a wanne nake ƙarya? Ba wasa take yi ba fa, muryarta har rawa take. Kuma na san ba ita kaɗai ba ce, da yawa suna da tambayar, tsoron a ce bangaskiyarsu ta yi sanyi ne ya sa suke haɗiye ta.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan rigima tsakanin masu bi da marasa bi ce. Gaskiya zafinta a cikin gida ma ya fi yawa. Akwai Kiristan da ya ce Allah ya yi komai cikin kwana shida irin namu masu awa 24, shekara dubu shida zuwa dubu goma da suka wuce, kuma ruwan tsufana na zamanin Nuhu ne ya shimfiɗa duwatsun nan ya binne ƙasusuwan da ake tonowa. Akwai wanda ya ce a'a duniya kam tsohuwa ce tukuf, amma Allah ya riƙa halittar kowane iri daban a lokacinsa, irin su Hugh Ross masanin taurari. Sai kuma wanda ya ce juyin halitta da ake koyarwa a aji gaskiya ne, ita ce hanyar da Allah ya bi ya yi aikinsa, kamar dai yadda ya bi ta cikin mahaifiyarka wata tara ya siffanta ka amma ba ka taɓa cewa ba shi ya yi ka ba. Dukansu Littafi Mai Tsarki ɗaya suke karantawa, suna cin jibin Ubangiji, suna shaida cewa Yesu ya tashi daga matattu. A Amurka inda abin ya fi ƙamari, binciken Gallup na 2024 ya nuna kashi 37 cikin ɗari sun ce Allah ya yi mutum yadda yake a yau cikin shekara dubu goman nan, kashi 34 sun ce juyin halitta ne amma da hannun Allah a ciki, kashi 24 suka ce babu hannun Allah sam.

To wai dubu shidan nan daga ina ta fito? Ka duba daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, babu ayar da ta faɗi shekarun duniya. Lissafi ne aka yi. Wanda nasa ya fi shahara shi ne James Ussher, babban bishop a ƙasar Ailan, wanda a 1650 ya tara shekarun zuriyar da ke Farawa sura 5 da 11 da na sarakuna da sauran tarihi, ya ce an yi halitta a watan Oktoba na shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Mutumin malami ne na gaske, ya yi iya ƙoƙarinsa da abin da ke hannunsa. Matsalar ta faro ne daga 1701 da aka fara buga lissafin nasa a gefen shafin Littafi Mai Tsarki na Turanci, mai karatu ya ga lambar kusa da ayar, a hankali ya kasa bambance wanne ne maganar Allah wanne ne lissafin bishop. Alhali a 1890 wani malamin Tsohon Alkawari a Princeton, William Henry Green, mutum mai riƙo sosai, ya nuna cewa jerin zuriya a Littafi Mai Tsarki yakan tsallake sunaye. Je ka duba Matiyu sura 1 aya 8, daga Yoram aka tsallaka zuwa Azariya aka bar sarakuna uku a tsakani, Ahaziya da Yowash da Amaziya. Wannan ba baƙon abu ba ne wajen Bahaushe, mu ma mukan ce wane ɗan wane ne alhali jikansa ne ko tattaɓa-kunnensa, manufar a nuna gidan da ka fito ne ba a ƙirga shekaru ba.

Kuma tun kafin a haifi kakan kakan Darwin, iyayen ikilisiya sun yi ta juya wannan sura, manyansu ma 'yan Afirka ne. Orijen na Iskandariya a Masar, a ƙarni na 3, ya yi tambayar da har yau take nan daram, ta yaya kwana na ɗaya da na biyu da na uku suka sami maraice da safiya alhali sai a kwana na huɗu aka yi rana da wata? Agustin bishop ɗin Hippo, a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, shi a ganinsa Allah ya yi komai lokaci guda ne, kwanakin tsari ne na bayani saboda mu fahimta. Kuma ya yi wani gargaɗi da nake ganin kamar da mu yake, cewa idan Kirista ya tsaya gaban wanda ba ya bi yana faɗin shirme a kan taurari da ƙasa da dabbobi, abin da shi wancan ya sani sarai ta hanyar lura da gwaji, kuma ya ce ai Nassi ne ya faɗa, to ya jawo wa Nassi raini, gobe in ya zo da zancen tashin matattu wa zai saurare shi? Wannan wajen shekara ta 400 da 'yan kai ne fa.

Su ma waɗanda suka fara gano cewa duniya tsohuwa ce da yawansu limaman coci ne. Adam Sedgwick na Cambridge, Rabaran ne kuma masanin duwatsu, da farko ya ɗauka tsakuwa da yashin da ke shimfiɗe a Ingila aikin ruwan Nuhu ne, amma a 1831 ya miƙe gaban 'yan uwansa masana ya ce ya yi kuskure ya janye. Lokacin littafin Darwin na 1859 saura shekara 28 ya fito, kuma shi Sedgwick har ya mutu bai yarda da ra'ayin Darwin ba. Kenan tsufan duniya daban, juyin halitta daban, mu ne muke haɗa su a tukunya ɗaya. Da littafin Darwin ya fito kuma kan malaman coci ya rabu tun ranar farko. Charles Hodge na Princeton a 1874 ya ce Darwiniyanci kafirci ne, dalilinsa shi ne ya cire nufin Allah daga cikin halitta, ba don kwana shida ba, shi kansa ya yarda kwanakin na iya zama dogayen zamanai. Asa Gray masanin tsirrai a Harvard, mai zuwa coci kuma aminin Darwin, ya ce babu saɓani. B. B. Warfield wanda yawancin makarantun tauhidinmu ke jingina da shi wajen koyar da cewa babu kuskure a Nassi, shi ma bai rufe ƙofa ga juyin halitta ba muddin an yarda Allah ne ke riƙe da ragamar.

Shari'ar da kowa ke ambata ita ce ta garin Dayton a jihar Tennessee, Yulin 1925, inda aka gurfanar da wani malamin makaranta John Scopes saboda karya dokar da ta hana koyar da cewa mutum ya fito daga dabba, aka ci shi tarar dala 100. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne William Jennings Bryan, gwarzon masu kare Nassi a wannan shari'a, da lauya Clarence Darrow ya titsiye shi a gaban jama'a sai ya ce shi bai ɗauki kwanakin a matsayin masu awa 24 ba. Abin da ke cin ran Bryan daban ne, yana ganin an mayar da koyarwar Darwin hujjar mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi, kuma a nan kam yana da gaskiya babba, don littafin bayolojin da ake rigima a kansa ya jera jinsunan mutane hawa-hawa ya ɗora Bature a sama. A 1906 ma an saka wani ɗan Kwango mai suna Ota Benga a gidan birai na gidan zu da ke Bronx a New York mutane suna zuwa kallo, fastoci baƙar fata ne suka tashi tsaye har aka fitar da shi. Saboda haka in baƙar fata ya ji kalmar biri ransa ya ɓaci, ba na ganin laifinsa, ruwa ba ya tsami banza. Sai dai kar mu manta masu cinikin bayi ma da Farawa sura 9 suka fake, la'anar da Nuhu ya yi wa Kan'ana, suka ce mu ake nufi. Mugu duk abin da ya samu da shi yake duka, kuma ilimin ƙwayoyin gado na yau shi ne ya rushe wancan jeri na hawa-hawa, ya nuna ɗan Adam iri ɗaya ne kuma asalinsa Afirka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wannan koyarwa da yau ake gabatar mana a matsayin ita ce bangaskiyar iyaye da kakanni, wato ruwan Nuhu ne ya yi kusan dukan duwatsu masu hawa-hawa da ƙasusuwan cikinsu cikin shekara guda, a siffarta ta yanzu sabuwa ce. George McCready Price ɗan cocin Adbentis ne ya tsara ta a 1923, yana bin wahayin Ellen White, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cocin, kuma shekaru da yawa ba ta wuce 'yan tsiraru ba. Masu riƙon Nassi na Amurka a wancan zamani yawancinsu ko dai sun ɗauki kwanakin a matsayin zamanai, ko sun bi sharhin Littafi Mai Tsarki na Scofield na 1909 da ya ce akwai tazarar lokaci mai tsawo tsakanin aya ta 1 da ta 2 na Farawa. Sai a 1961 da John Whitcomb malamin Tsohon Alkawari da Henry Morris injiniyan ruwa suka fitar da littafinsu The Genesis Flood, a nan ne abin ya kama kamar wutar daji. Ka lissafa da kanka, 'yan mishan na SIM sun sauka 1893, na SUM 1904, aka kafa mishan a Garkida 1923, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito 1932. Kakanninmu a Wusasa da Kagoro da Gindiri sun karɓi bishara, sun yi baftisma, wasu sun sha wuya saboda ita har suka koma ga Ubangiji, duk kafin a rubuta wancan littafi.

Sauran tarihin na kotu ne da kuɗi. Kotun ƙolin Amurka a 1968 ta soke dokokin hana koyar da juyin halitta, a 1987 ta hana koyar da kimiyyar halitta irin ta su Morris a makarantun gwamnati, sai aka fito da sabon salo na cewa akwai tsarin mai hikima a cikin halitta ba tare da an ambaci sunan Allah ba, shi ma a 2005 a shari'ar Dover ta jihar Pennsylvania alƙali John Jones, mai zuwa cocin Lutheran wanda shugaban ƙasa George W. Bush ya naɗa, ya ce addini ne ba kimiyya ba, kuma babban mai ba da shaida a ɓangaren juyin halitta Kenneth Miller ɗan Katolika ne. Ken Ham ɗan Ostareliya ya kafa ƙungiyar Answers in Genesis, ya buɗe gidan tarihi a Kentucky a 2007, a 2016 ya gina jirgin Nuhu na katako mai tsawon ƙafa 510 ana biyan kuɗi a shiga. Bidiyoyin irin waɗannan ƙungiyoyi ne ke yawo a wayoyinmu a Facebook da WhatsApp, rigimar dokar makarantun Amurka ce aka ɗauro mana a leda.

To hujjojin fa? Ba sai mun je Turai ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna a jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa, tsawonsa ya haura mita 8, da aka gwada itacen aka samu ya kai shekara dubu takwas. Wato a lissafin Ussher an sassaƙa kwalekwalen nan shekara dubu biyu kafin a yi duniya. Babbar dalar Giza a Masar an gina ta wajen shekara 2560 kafin Almasihu, shi kuma Ussher ya sa ruwan tsufana wajen 2348, amma tarihin Masar bai yanke ba, sarki na bin sarki. Za a ce ai gwajin kabon, wanda da shi aka auna shekarun itacen kwalekwalen, yana kuskure, e yana yi in samfurin ya gurɓata, shi ya sa ake auna shi da zoben cikin itatuwa da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kuma shi bai wuce wajen shekara dubu hamsin ba ma. Shekarun duniya ba da shi aka samo ba, da yuraniyom ne, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, wanda rabinsa ke rikiɗewa ya zama dalma cikin kusan shekara biliyan 4.5, da wasu sinadaran daban da kowanne ke da nasa saurin, kuma duk sai su haɗu a amsa ɗaya, shekara biliyan 4.54. Agogo ɗaya na iya yin ƙarya, amma agogo huɗu ko biyar masu inji daban-daban su yi ƙarya iri ɗaya, da wuya.

A yankin Goronyo ta Sakkwato an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku har aka sa masa sunan wurin, Goronyosaurus, dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina kuwa cike yake da ɓawon halittun ruwa, a Gadoufaoua ta Nijar kuma ga ƙasusuwan dinoso birjik, wani ma yana gidan tarihi na Yamai. Ɗan uwana mai ra'ayin kwana shida zai ce ka gani ko, teku a Sakkwato, ai ruwan Nuhu kenan! Na fahimci dalilin da ya sa zai ce haka. Amma ambaliya hargitsa kaya take yi, duk wanda ya ga ambaliyar Maiduguri ta 2024 ya sani, akuya da katifa da buhun hatsi wuri ɗaya. Su kuwa duwatsun nan a jere suke, kowane hawa da irin halittunsa, ba a taɓa samun ƙashin saniya ko na mutum ko tukunya a hawan dinoso ba, a ko'ina a duniya.

Shi kansa juyin halittar a gidajenmu yake. Me ya sa coci-coci da yawa yanzu ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini? Saboda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Me ya sa ya yi yawa a nan amma babu shi sosai a ƙasashen sanyi? Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, saboda haka a inda sauro ya yi katutu yaran AS suka fi rayuwa su hayayyafa, ƙwayar ta yaɗu duk da wahalar sikila da take jawo wa mai SS. Tankaɗe da rairayar da Darwin ya bayyana kenan ba ƙari. Haka kulorokwin da muka sha muna yara ya daina aiki don ƙwayar cutar ta sauya. Su Ken Ham ba su musa wannan ba, suna cewa sauyi ne a cikin iri ɗaya. Amma ka duba abin da tsarinsu ke buƙata, sun ce iri wajen 1,400 ne suka shiga jirgi, daga kyanwa iri guda aka samu zaki da damisa da kyanwar gida cikin shekara dubu huɗu da 'yan kai. Wannan ai ya fi gudun da duk wani masanin bayoloji ya taɓa da'awa.

Zancen biri kuma, ba wanda ya ce birin da ke ɓarna a gonarka shi ya haife ka, shi ya sa tambayar "to me ya sa har yanzu akwai birai" ba ta kama komai ba. Hausa da Ngas da Bole da Bade duk daga tsohon harshe ɗaya suka rabu, masana harshe sun tabbatar, amma ba Ngas ce ta haifi Hausa ba kuma duk suna nan ana yin su. Abin da ake cewa kenan, kaka ɗaya can baya wajen shekara miliyan 6 zuwa 7, kusan zamanin ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da biri da mutum, wadda aka sa wa suna Tumai, da aka tsinta a hamadar Djurab ta Chadi a 2001. Hujjar da ta fi girgiza ni tana cikin jininmu. Mutum yana da kuromozom 46, wato ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, su chimpanzi da gorila 48, da aka duba na biyu a namu sai aka ga guda biyu ne aka haɗe baki da baki, har alamar bakin tana nan a tsakiya, kamar zani biyu da tela ya haɗa ka ga kalmasa a tsakiyar. Akwai kuma ƙwayar gadon da ke sa yawancin dabbobi su haɗa bitamin C a jikinsu, mu tamu ta lalace, ta manyan birai ma ta lalace, kuma da tabo iri ɗaya. Ana cewa ai mai zane ɗaya ne shi ya sa aka yi kama. Kama a abin da ke aiki na yarda. Amma duk malamin da ya taɓa makin jarabawa ya san in ɗalibai biyu suka ci amsa ɗaya ba komai, in suka yi kuskure iri ɗaya a layi ɗaya to daga takarda ɗaya aka kwafo.

Sai mu koma ga Nassin kansa, don a wajen mai bi shi ne magana. Masu kwana shida suna da ayoyi masu nauyi kuma bai kamata a yi kamar babu su ba. Fitowa 20:11 ta ɗaura Asabar a kan cewa cikin kwana shida Ubangiji ya yi sama da ƙasa, kuma "ga maraice ga safiya" ya yi kama da kwana na yau da kullum. Amma karanta surar a hankali ka ga yadda aka tsara ta, kwana uku na farko ana shirya wurare, haske da duhu, sarari da teku, sandararriyar ƙasa, kwana uku na biyu ana cika su bi da bi, rana da wata, tsuntsaye da kifaye, dabbobi da mutum. Ba a ma kira rana da wata da sunansu ba, babban haske da ƙaramin haske aka ce, don maƙwabtan Isra'ila a Masar da Babila bauta musu suke yi, surar na ce musu waɗannan fitilu ne kawai da Allah ya rataye. Kwana na bakwai ba shi da maraice da safiya, Ibraniyawa 4 ta ce hutun yana nan har yanzu. A aya ta 24 cewa aka yi bari ƙasa ta fid da masu rai. Sura ta 2 kuma ta sake ba da labarin da wani jeri daban. Ni abin da na gani, surar tana amsa wa ya yi, don me ya yi, kuma wane ne mutum a gabansa, ga mutanen da ba su da madubin ganin ƙwayar cuta, da harshen da makiyayi da farfesa duk za su gane.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, don wurin da ya fi wuya ba kwanaki ba ne, Adamu ne da mutuwa. Manzo Bulus a Romawa 5:12 ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa kuma ta wurin zunubi, a 1 Korantiyawa 15 ya sa Adamu da Almasihu gefe da gefe. Tsoron ɗan uwana shi ne in ka zare Adamu ka zare faɗuwa, in babu faɗuwa me gicciye ya zo gyarawa? Wannan tsoro na mai ƙaunar bishara ne, kuma duk wanda ya kira shi jahilci bai san abin da yake faɗa ba. Ga shi masana ƙwayoyin gado suna cewa bambancin da ke cikin jinin mutane a yau ya nuna kakanninmu dubbai ne a 'yan ɗaruruwan dubban shekarun nan, ba mutum biyu kacal shekara dubu shida baya ba. Masu bi sun gwada amsoshi. John Stott ya ce mai yiwuwa Allah ya ɗauki ɗaya daga cikin halittu masu siffar mutum da ke nan ya hura masa numfashinsa ya sa masa kamanninsa ya zama shugaban 'yan Adam. William Lane Craig a 2021 ya mayar da Adamu can baya sama da shekara dubu ɗari biyar. Paparoma Pius na 12 a 1950 ya ba da damar bincike a kan asalin jiki amma ya ce rai Allah ne ke halittarsa kai tsaye, Paparoma John Paul na 2 a 1996 ya ce juyin halitta ya wuce a kira shi hasashe kawai. Kuma maganar tana da tsada, Bruce Waltke babban malamin Tsohon Alkawari sai da ya bar aikinsa a makarantar tauhidi a 2010 bayan ya fito a bidiyo ya ce ya kamata ikilisiya ta daina musun hujjojin.

Mutuwar dabbobi kafin zunubi ita ma tana damuna, miliyoyin shekaru na ci da ciyo, shi Darwin kansa a wasiƙarsa ga Asa Gray a 1860 ya ce ya kasa gane yadda Allah mai alheri zai yi wani irin zanzaro da ke saka ƙwai a jikin tsutsa 'ya'yansa su cinye ta da ranta. Sai dai ayar Romawa cewa ta yi mutuwa ta bi dukan mutane, ba ta ambaci dabba ba, Zabura 104:21 kuma tana yabon Allah ne da cewa 'ya'yan zaki suna ruri suna neman abincinsu daga wurinsa. An ce wa Adamu ranar da ka ci za ka mutu, ya ci, an kore shi daga gaban Allah a ranar, amma ya kai shekara 930. Ni inda na tsaya, tsufan duniya magana ce da ta zauna, dangantakar halittu hujjarta ta yi ƙarfin da ba zan iya kau da kai ba, kuma na gaskata an yi tawaye na gaske ga Allah a farkon tarihinmu wanda har yau muke cikin ɗacinsa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne Ken Ham da Richard Dawkins, wanda ba ya yarda da Allah sam, a abu ɗaya bakinsu ya zo ɗaya, wai dole ka zaɓi guda, ko Nassi ko kimiyya. Yaron da aka raina da wannan, ranar da ya shiga lab a jami'a ya ga hujja da idonsa, me kake tsammani zai ajiye? Alhali Gregor Mendel da ya gano ƙa'idar gado da wake ɗan zuhudu ne, Georges Lemaître da ya fara kawo bayanin cewa sararin samaniya na da mafari Fada ne na Katolika, Francis Collins da ya jagoranci karanta dukan ƙwayoyin gadon ɗan Adam ya tuba ne yana likita, a 1989 ma ya zo aikin sa kai a asibitin mishan na Eku a jihar Delta ta yau. Shaidar bangaskiya ta manzanni da muke karantawa a tsaye cewa ta yi Mahaliccin sama da ƙasa, ba ta sa adadin awoyi ba.

Yarinyar nan na ce mata, 'yata, rubuta miliyoyinki da zuciya ɗaya ba ƙarya kike ba, sannan ki je gida ki karanta Farawa sura 1 zuwa 4 a hankali da biro a hannu ki rubuta duk abin da ya tsaya miki. Lahadi ta gaba ta dawo da takarda cike gaba da baya, ta farko a ciki ita ce, da Kayinu ya ce duk wanda ya same shi zai kashe shi, su wa yake tsoro, kuma birnin da ya gina su wa za su zauna a ciki? Muka ja benci ƙarƙashin dalbejiyar bakin coci muka buɗe sura ta 4 aya ta 14, ƙawayenta biyu da ke jiranta su ma suka matso suka zauna.